Oman: Na Tafi Kallon Gidajen Yaƙi, Na Dawo Da Labarin Magudanar Ruwa

Ga rubutun shirin wannan makon, saboda 'yan'uwa da ke cewa data ba ta isarsu su saurari murya. Yau ba a gida za mu tsaya ba, Oman za mu je. Ku gyara zama, tafiyar da ɗan tsawo.

Wani taron matasa ne ya kai ni Maskat, babban birnin ƙasar, a ƙarshen watan Satumba. Da aka tashi daga taron sai mu uku muka haɗa kuɗi muka ɗauki hayar mota da direba, muka yi kwana 8 muna zagaye. Gaskiyar magana, hotuna na tafi nema: tsofaffin gidajen yaƙi, shuɗin teku, manyan duwatsu. Na kuma samu, har wayata ta cika. Amma abin da ya biyo ni gida ya hana ni sakat, wata 'yar magudanar ruwa ce da faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, wadda na gani a cikin kufai. Zan zo kanta. Tambayar da ta bar min ita ce: me ya sa wani abin tarihi yake rayuwa shekaru ɗaruruwa, wani kuma da ya fi shi girma da dukiya yake mutuwa?

Ga wanda bai san wurin ba, Oman tana kusurwar kudu maso gabashin yankin Larabawa, tana iyaka da Saudiyya da Yaman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Gabanta teku, bayanta hamada, a arewacinta kuma jerin duwatsun Hajar. Ruwan saman da ke sauka a yawancin ƙasar wajen milimita 100 ne a shekara, alhali Kano tana samun ninkin haka sau 7 ko fiye. Babu wani babban kogi. Ku riƙe wannan a ranku, don duk labarin a kansa yake tafiya.

To mu fara daga Maskat. Idan ka tsaya a tsohon garin, a gaban fadar Sarki, za ka ga gidajen yaƙi guda biyu a kan duwatsu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna kallon mashigar teku. Sunansu Jalali da Mirani. Su ne ake bugawa a hotunan tallar ƙasar, amma ba 'yan Oman ne suka ɗaga su zuwa yadda suke ba, Turawan Fotugal ne, a shekarun 1580. Bayan Vasco da Gama ya zagaye ƙasan Afirka ya isa Indiya a 1498, Fotugal ta ƙudurta sai ta riƙe duk hanyar cinikin kayan yaji da ƙarfin igwa. A 1507 wani kwamandansu, Afonso de Albuquerque, ya ci Maskat da yaƙi. Sun zauna sama da shekara 140.

Abin da ya fitar da su haɗin kai ne. A 1624 ƙabilun cikin ƙasa suka yi wa Nasir bin Murshid mubaya'a a matsayin Imami, ya haɗa kansu, ya fara ƙwace garuruwan bakin teku ɗaya bayan ɗaya. Magajinsa, Imam Sultan bin Saif, shi ya kore su daga Maskat a 1650. Kuma ba a nan aka tsaya ba. 'Yan Oman suka bi su da jiragen ruwa har gabashin Afirka, a 1698 suka ƙwace babban gidan yaƙinsu na Mombasa, wanda ke Kenya ta yau. Daga nan ƙasar da aka mulka ta koma mai mulkar wasu. Zuwa 1840 Sarki Sa'id bin Sultan ya mayar da fadarsa tsibirin Zanzibar ɗungurungum. Arzikin wannan daula kanumfari ne, da hauren giwa, da kuma bayi. Eh, bayi 'yan Afirka. Wannan ɓangaren ba a cika rubuta shi a takardun masu yawon buɗe ido ba, amma ni da na tsaya a wurin a matsayin baƙin mutum ɗan Afirka, ba zan tsallake shi ba.

Daga Maskat muka kama titin bakin teku zuwa kudu maso gabas, duwatsu a hannun dama, teku a hannun hagu. Mun tsaya a Bimma, wani wawakeken rami da ƙasa ta rufta ta bari, da ruwa kore shar a ƙasansa, yara suna ta iyo. Mun ci gaba. Saura kamar kilomita 20 mu shiga garin Sur sai direbanmu, wani saurayi ɗan Nizwa da bai girme ni ba, ya rage gudu ya ce, "Ɗan'uwa, duba can." Na duba. Wani ɗan gini ne shi kaɗai a kan tudu, rufinsa ya faɗi, kewaye da shi tarin duwatsu har bakin ruwa. Ya ce wannan shi ne Kalhat.

Jama'a, Kalhat ba ƙaramin gari ba ne a zamaninsa. Tsakanin ƙarni na 11 da na 15 yana cikin manyan tasoshin jiragen ruwa na wannan yanki, ƙarƙashin sarakunan Hormuz. Daga nan ake loda dawakin Larabawa zuwa Indiya, da dabino da turare da lu'ulu'u. Marco Polo ya ambace shi. Ibn Battuta ya shiga garin wajen 1330, ya yaba masallacinsa da kasuwanninsa. Shi dai wannan Ibn Battuta ne a 1353 ya iso Takedda, a ƙasar Nijar ta yau, ya rubuta cewa ana kai tagullar can zuwa Gobir da Barno. Wato mutum ɗaya ya ga duniyarsu ya ga bakin tamu. Ginin da ya rage a tsaye hubbaren Bibi Maryam ne, matar da ta riƙe mulkin garin bayan rasuwar mijinta a farkon ƙarni na 14. Girgizar ƙasa ta taɓa garin, 'yan Fotugal suka ƙone shi a 1508, ciniki ya koma Maskat, mutane suka bi ciniki. Garin da jirgi ne ya haife shi, ranar da jirgi ya daina zuwa babu wanda ya ga dalilin zama ya gyara. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2018, amma kufai ta karrama.

Sur kuwa tana nan da ranta. A bakin ruwa har yau akwai wurin da ake sassaƙa manyan jiragen katako irin na da, ba tare da zane a takarda ba, ido da gwaninta kawai. Na tsaya ina kallon wani jirgi da aka kafa haƙarƙarinsa, ƙamshin katako ya cika wurin. Sha'awa ta kama ni, sai kuma na tuna irin waɗannan jiragen ne suka yi jigilar mutane daga gabashin Afirka a ƙarni na 19. Da Ingila ta fara tare jiragen bayi a teku, wasu masu jiragen Sur sai suka samo tutar Faransa suka riƙa kafawa don kada a bincike su. Rigimar ta kai har kotun sasanci ta Hague a 1905, tsakanin Ingila da Faransa. Ita kanta bauta ba a haramta ta a dokar Oman ba sai 1970. Ba jiya ba ne, amma iyayenmu da yawa an riga an haife su.

Daren ranar muka je Ras al-Jinz, kusa da inda yankin Larabawa gaba ɗaya ya ƙare ta gabas. Nan kunkurun teku ke fitowa su yi ƙwai. An mayar da wurin keɓaɓɓe tun 1996, kuma doka ce mai tsauri: ba ka shiga sai da jagora, ba hasken waya, ba hasken kyamara, ba hayaniya. Muka bi shi cikin duhu, sai ga wata uwa, girmanta ya kai faifan teburi, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya tana zuba ƙwai. Takan zuba kamar 100 a zama ɗaya, ta rufe da yashi, ta koma ruwa. Bayan kamar wata 2 'ya'yan su fashe, su nufi inda ya fi haske, wanda a asali teku ne. Shi ya sa fitilar gida ko ta mota take kashe su: sai su juya wa ruwa baya su nufi tudu. Macen da ta tsira, bayan shekara 20 ko 30 yankin da aka ƙyanƙyashe ta take dawowa. Wani cikinmu ya zaro waya zai haska, jagoran ya dafa hannunsa a hankali ya ce, "Yi haƙuri ɗan'uwa, ita ce mai gida, mu baƙi ne." Wallahi kunya ta kama mu duka.

Washegari muka yi doguwar tafiya kudu zuwa wani wuri da ake kira Shanna, muka saka motar a jirgin fito, bayan awa ɗaya da 'yan kai muka sauka tsibirin Masira. Shi ne tsibiri mafi girma a Oman, tsawonsa wajen kilomita 95. Kai! Ban taɓa ganin bakin teku irin wannan ba. Farin yashi iya ganinka, iska mai ƙarfi, jiragen masunta a kife, sai raƙuma suna yawo abinsu. Za ka yi tafiyar rabin awa ba ka haɗu da kowa ba. Tsibirin yana da nasa tarihin: sojojin saman Ingila sun yi sansani a nan tun shekarun 1930 har zuwa 1977, kuma daga nan wasu jiragen Amurka suka tashi a 1980 a yunƙurin da ya ci tura na kuɓutar da ma'aikatan jakadancinsu a Iran. Amma abin da aka fi sanin Masira da shi wani nau'in kunkuru ne mai babban kai, wanda nan na cikin manyan wuraren yin ƙwansa a duniya. Adadinsu ya ragu matuƙa, har masana suka sa na wannan yankin cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: komar masunta, fitilun gari, da motoci masu bi ta kan yashi. Na ga sawun taya da idona a inda ramukan ƙwai suke. A Ras al-Jinz akwai mai dafa hannunka. A wancan dogon bakin tekun da muka tsaya babu kowa.

A nan direbanmu ya ba mu labarin mariri, wannan farar dabbar hamada mai dogayen ƙahoni miƙaƙƙu. Can kudu da inda muke, a hamadar Jiddat al-Harasis, aka kashe na ƙarshe da ke yawo a daji a 1972. Aka kiwata wasu a gidajen namun daji a ƙasashen waje, aka dawo da su aka saki a 1982. Suka hayayyafa, UNESCO ta karrama wurin a 1994, zuwa 1996 sun kai 450. Daga nan masu kamun sata suka shigo, suna sayar da su da rai ga masu kuɗin da ke tara namun daji a gidajensu. Adadi ya faɗo zuwa 65. Gwamnati kuma ta rage faɗin keɓaɓɓen wurin da kashi 90 cikin 100, ana neman mai a yankin. A 2007 aka cire shi daga jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na farko da aka taɓa cirewa tunda aka fara jerin. Kun ga, suna da takardar shaida ba sa tsare abu.

Daga tsibiri muka juyo arewa, muka bar teku muka shiga cikin ƙasa, muka isa Nizwa daren Alhamis don mu riski kasuwar dabbobi ta safiyar Juma'a. Idan ka taɓa shiga kara a garinku ba za ka ji baƙunta ba. Masu saye suna zaune a da'ira, masu sayarwa suna zagayawa da awaki suna kiran farashi, wani ya tsayar ya buɗe baki ya duba haƙora. Nizwa ita ce tsohuwar cibiyar Imamai. Mutanen cikin Oman yawanci mabiya mazhabar Ibadiyya ne, kuma a tsarinsu malamai da shugabannin ƙabilu ne ke zaɓar Imami, tun wajen shekara ta 750. Gidan yaƙin garin, mai ƙatuwar hasumiya zagayayya, Imam Sultan bin Saif ne ya gina shi bayan ya kori 'yan Fotugal, aikin ya ci kamar shekara 12. A matattakalarsa akwai ƙofofi a jere, sama da kowace akwai rami, masu gadin wurin suna cewa ta nan ake kwararo wa maƙiyi tafasasshen ruwan dabino. Na hau sama na leƙa: dabino ne kore shar ya kewaye garin, bayansa kuma busasshen dutse. Na tambayi kaina, a ƙasar da ba ruwan sama, wa ke shayar da wannan?

Amsar ita ce falaj, jam'insa aflaj. Ga yadda babban nau'insa yake. A gindin dutse ake haƙa uwar rijiya har a tarar da ruwa. Daga nan a haƙa rami a kwance a ƙarƙashin ƙasa, da ɗan gangare kaɗan, wani lokaci kilomita da dama, ana buɗe ƙananan rijiyoyi a kan hanya don iska ta shiga kuma a riƙa kwashe ƙasa. Ruwa ya biyo gangare da kansa har ya ɓullo a gari. Ba inji, ba fetur, ba lantarki. Wasu sun girmi zuwan Musulunci nesa ba kusa ba, har mutanen wurin suna da tatsuniyar cewa Annabi Sulaimanu ne ya sa aljanu suka haƙa su. Na Nizwa, Falaj Daris, yana cikin guda 5 da UNESCO ta karrama a 2006.

Amma haƙa ramin ba shi ne abin mamakin ba. Abin mamakin shi ne rabon. Inda ruwan ya fara ɓullowa na sha ne, kowa da kowa, ko baƙo. Gaba kaɗan wurin alwala da wanka, na maza daban na mata daban. Sai wurin wanki. Sai a ƙarshe gonaki. A gonaki ba da bokiti ake awo ba, da lokaci ake yi. Ma'aunin sunansa asar, wato kamar rabin awa, yini da kwana asar 48 kenan. Kowane gida ya san asar nawa yake da shi a zagayen kwanaki, ana gadonsa, ana sayar da shi. Kafin agogo ya zo, da rana inuwar sanda ake dubawa, da dare kuma fitowar wasu taurari. Akwai wakili da ke kula da falaj ɗin gaba ɗaya, akwai mai buɗewa da toshe ruwa daga gona zuwa gona, akwai ma'aji. Sannan ga abin da ya fi burge ni: shi kansa falaj ɗin yana da nasa kason. Ana ware wani ɓangare na lokacin ruwan a yi gwanjonsa ga mai bukata, kuɗin ya shiga asusun gyara. Wato tun ranar da aka tsara abin aka san zai lalace, aka tanadi abin gyara shi daga jikinsa.

Yanzu mu zo kan magudanar da na faɗa muku tun farko. Kamar kilomita 20 daga Nizwa akwai wani tsohon gari, Tanuf. Don ku gane abin da ya same shi, sai mun ɗan koma baya. A 1920 aka yi yarjejeniyar Sib, Sarki yana mulkin bakin teku daga Maskat, Imami yana tafiyar da cikin ƙasa daga Nizwa. Aka zauna haka har maganar mai ta shigo. Kamfanin mai yana son haƙa a cikin ƙasa, Sarki Sa'id bin Taimur ya ce ikonsa ne ya ba da izini, sabon Imamin da aka zaɓa a 1954, Galib bin Ali, bai yarda ba. Yaƙi ya ɓarke, wanda ake kira yaƙin Jabal Akhdar, Ingila tana bayan Sarki, Saudiyya tana taimaka wa Imami. Jiragen yaƙin Ingila suka yi ruwan bama-bamai a kan ƙauyukan yankin, a watan Janairun 1959 sojojinta na musamman suka haye dutsen, Imami ya tsere Saudiyya. Tsarin da ya yi sama da shekara 1,000 ana yi ana fasawa, a nan ya ƙare. Tanuf garin Sulaiman bin Himyar ne, ɗaya daga cikin manyan 'yan bayan Imami, don haka ya sha wuta.

Mun shiga kufan da yamma. Bangayen laka a tsaye babu rufi, ƙofofi babu ƙyaure, shiru kamar maƙabarta. Ina tafiya sai na ji ƙarar ruwa. Na bi ƙarar, sai ga falaj yana gudu a gefen rusassun gidajen, ruwa garai-garai, yana wucewa zuwa gonakin dabino. Wani dattijo yana tsugune yana cire ciyawa da tsakuwa daga ciki da hannunsa. Na gaishe shi da 'yar Larabcin Islamiyya, direba yana cike min giɓi. Na ce, "Baba, gidajen sun rushe amma ruwan bai tsaya ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, gida na mutum ɗaya ne. Wannan na kowa ne, kuma gobe da asuba rabona ne." Ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa na kasa ɗaukar hoto.

Daga nan Bahla ba nisa. Gari ne na laka da tubali, kamar yadda muka sani a gida, da ƙaton gidan yaƙi na zamanin Banu Nabhan, tsakanin ƙarni na 12 da na 15, da ganuwa mai tsawon kilomita 12 da ta kewaye gari da gonaki. An sa shi cikin jerin UNESCO a 1987, shekara ɗaya kacal bayan haka aka mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari, saboda duk ruwan da ya sauka sai wani bango ya zube. Ginin ƙasa ai ba ya yafe rashin yaɓe. Aka ɗauki shekaru ana gyara, a 2004 aka cire shi daga jerin haɗari, a 2012 aka buɗe wa baƙi. Ina tsaye a kan bangon ina tuna ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara a farkon ƙarni na 12, kusan sa'ar wannan. Kowa ya san halin da take ciki: nan an ɗebi ƙasa, can an yi shago, gaba an mayar bola. Kuma ba baƙi suka zo suka yi mana ba.

Zangonmu na ƙarshe Jabal Shams ne, dutse mafi tsayi a ƙasar, wajen mita 3,000. A gefensa akwai kwazazzabo mai zurfin kusan mita 1,000, idan ka leƙa sai cikinka ya juya. Sanyi kamar hunturun Jos. A gangaren yankin akwai ƙauyen Misfat al-Abriyyin, gidajen dutse da laka a manne da tsauni, falaj yana ratsa lunguna zuwa ayaba da lemo da dabino. Mutane da yawa sun koma sababbin gidaje, amma matasan garin sun gyara wasu tsofaffin sun mayar masaukin baƙi, kuɗin yana zama a hannun 'yan gari. A ɗaya daga ciki muka kwana, da ƙarar ruwa muka yi barci.

Kada wani ya ce na je na dawo ina yi wa Oman kirari. Ƙasa ce ta sarauta, babu jam'iyyun siyasa. Gaskiya ne lokacin da Sarki Kabus ya kawar da mahaifinsa a ranar 23 ga Yulin 1970, makarantun gwamnati 3 ne kacal da ɗalibai maza wajen 900, kwalta kuma kamar kilomita 10, kuma kuɗin mai ya sauya wannan kafin rasuwarsa a 2020. Amma a 2011 matasa sun fito zanga-zanga a garin Sohar saboda rashin aikin yi, sun sake fitowa a 2021. Wajen kashi 40 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙin ma'aikata ne, kuma su za ka gani a wurin gini cikin rana. Su kansu aflaj ɗin ba duka suka tsira ba. An ƙirga sama da 4,000, masu gudu wajen 3,000 ne. Injinan famfo suna zuƙe ruwan ƙasa, matasa suna tafiya birni, masu sanin taurari suna ƙarewa. Ranar da babu mai tsugunawa ya cire ciyawa, falaj ma Kalhat zai zama.

To me na dawo da shi? Kalhat tana da dukiya, ta mutu. Mariri yana da takardar duniya, ya kusa ƙarewa karo na biyu. Gidajen Tanuf bom ya cinye su. Abin da ya rayu shi ne wanda mutane ke da rabo a ciki, aka san mai kula da shi da sunansa, aka kuma ware kuɗin gyaransa tun kafin ya lalace.

Bari in fallasa kaina. A unguwarmu akwai burtsatse da ya lalace sama da shekara ɗaya. Yara da mata suna tafiya mai nisa da jarkoki. Ni da ake kira ɗan gwagwarmaya na yi rubutu a Facebook ya fi sau 5 ina zagin waɗanda suka gina suka tafi. Ban taɓa tambayar nawa ne kuɗin gyaran ba. Har yanzu ina nan kan bakana cewa hukuma tana da haƙƙi a kanta, kuma ba za mu daina tambayarta ba. Amma da na dawo na tara matasan layinmu, muka je wurin mai unguwa da tambayoyi 3 da na kwaso daga Nizwa: wa zai zama wakili, wa zai riƙe kuɗi a bayyane, kuma nawa za a riƙa cirewa daga kowace jarka don ranar da zai sake lalacewa? An yi musu sosai, wasu ma sun ce cin kuɗi muke shiryawa. Muna kan magana, ba a gama ba. Kakanninmu da suka yi gayya suka yaɓe ganuwa bayan kowace damina sun san wannan darasin, mu ne muka bari ya suɓuce.

Kai ma duba unguwarku. Rijiya ce, ko makaranta, ko tsohuwar ƙofa, ko kududdufin da ake cikewa da shara? Wa ke da rabo a ciki, wa ke kula da shi? Ku rubuto min abin da kuka gani, zan karanto wasu a shiri na gaba, inda za mu bi jiragen Sur mu tsallaka Zanzibar mu ji ɗaya ɓangaren labarin daga bakin waɗanda aka ɗauko.